Yadda zaka buɗe furotin ɗin da ke kare spirulina daga yawan haske a wayarka, ka juya shi ka gane abin da kake gani

Ƴan uwa ɗalibai, musamman ƴan SVT na jami'a da ƙannenmu ƴan tarminal D na nan Damagaram, wannan naku ne. A littafi kullum zane ake nuna mana na furotin, wasu zarurruka murɗaɗɗu kala-kala, mu haddace sunan mu wuce, alhali akwai inda zaka buɗe ainihin surarsa kyauta a wayar da ke hannunka, ka juya shi ta kowane gefe har ka auna tazarar atom da atom. Wanda zamuyi aiki da shi sunansa OCP, furotin ne mai ruwan lemo da siyanobakteriya ke kare kansu da shi in haske yayi musu yawa. Na zaɓe shi don ƙarami ne bazai shaƙe maka waya ba, kuma duk aikinsa a motsi yake, wanda ya kalli hoto guda ɗaya tak wallahi bai ga komai ba tukuna.

Amma kafin ka taɓa waya sai ka san matsalar da furotin ɗin yake magani, in ba haka ba kallon ado kawai zakayi.

Siyanobakteriya bakteriya ne masu haɗa abincinsu da hasken rana kamar tsiro, spirulina tana cikinsu, wadda matan Kanem a Cadi suka daɗe suna kwasa daga tafkunan kanwa suna shanyawa su sa a miya, dihe kenan. A jikin fatar da ake fotosintesis a cikin ƙwayarsu, wadda ake ce wa tilakoyid, akwai wata ƙatuwar eriya mai tara haske, fikobilizom, tana da sanduna na fikosiyanin mai launin shuɗi a waje, da cibiya ta allofikosiyanin a tsakiya, hasken da sandunan suka kama sai ya gangara cibiya, daga nan ya zuba cikin kulorofil na fotosistem, wato injin da ke sarrafa ƙarfin hasken. Da sassafe ko a ƙasan ruwa wannan eriya alheri ce. To amma ka tuna ranar Afrilu da Mayu a garin nan, ƙarfe ɗaya na rana, ƙwayar da ke saman ruwa bata da inuwar da zata gudu, eriya kuma bata san ta daina aiki ba, ƙarfin da ke shigowa yafi wanda fotosistem zai iya sarrafawa, rarar sai ta tsaya kan kulorofil, kulorofil ya miƙa ta ga oksijin, oksijin ɗin ya koma wani iri mai ɓarna da ake ce wa singilet, shi kuma ya fara cin furotin da kitsen fata, wanda yafi shan wahala shine D1 na fotosistem na biyu, shi yasa kullum cikin cire shi da sa sabo ake. Tsiro irin su gero da wake suna da tasu dabarar, suna jin tsamin da ya ƙaru a cikin tilakoyid ta hanyar wani furotin PsbS. Siyanobakteriya kuwa OCP ɗinsu hasken kansa yake ji kai tsaye, shuɗi mai ɗan kore in yayi ƙarfi, sai ya juye daga ruwan lemo ya koma ja, ya manne a cibiyar eriya, ya janye rarar ƙarfin ya sake ta a matsayin zafi.

Tarihin a taƙaice: Holt da Krogmann suka fara ware shi a 1981 a Amurka ba'a san aikinsa ba, Cheryl Kerfeld da abokan aikinta suka fitar da surarsa a 2003 kuma daga spirulina ɗin nan ce, Arthrospira maxima, sai 2006 ƙungiyar Diana Kirilovsky a Faransa ta nuna cewa shine ke wannan kariya, 2008 suka nuna haske ne ke juya shi. Kaga an ga jikinsa shekara uku kafin a tabbatar da sana'arsa.

To yanzu ɗauko waya. Abin da kake buƙata Chrome ko makamancinsa da ɗan mega, bai kai cin bidiyo ɗaya ba. Shiga rcsb.org, shafin Protein Data Bank kenan, PDB a taƙaice, rumbun da aka kafa tun 1971 wanda yanzu surar da ke ciki ta wuce 200,000. Shafin da Ingilishi yake, mu kuma da Faransanci mukayi lakwal, nasan hannu zai tafi wajen fassara, dan Allah kar ka bari Chrome ya fassara maka, yana dagula sunayen maɓallai ka kasa bin bayanin. Kowace sura tana da lamba mai harafi huɗu. A akwatin bincike rubuta 3MG1, wannan OCP ne na Synechocystis, ƴar bakteriyar da akafi yin gwaji da ita, kuma lambobin amino asid da zaka gani a yawancin rubuce-rubuce nata ne. In shafin ya buɗe, ƙarƙashin hoton danna Structure, ko ka rubuta rcsb.org/3d-view/3MG1 kai tsaye. Kwantar da wayar a gicciye. Yatsa ɗaya juyawa, yatsa biyu matsowa da nisantawa.

Abin da zai fara ruɗa ka, zakaga abu biyu manne da juna launi daban-daban. Ba ɓangarori biyu na furotin ɗin bane, furotin biyu ne iri ɗaya, sarka A da sarka B, haka suke zama bibbiyu a cikin kiristal. Zaɓi ɗaya ka manta da ɗayan. A gefen dama akwai Components, nan zakaga Polymer (furotin ɗin), Ligand (abin da ya riƙe), Water (ruwa), kowanne da alamar ido, kashe idon Water don ɗigon jajayen nan ruwa ne kawai suna cika ido.

Shawarata anan, kar ka fara da zarurrukan. Kowa su yake bi don sune manya, amma mai gidan shine siririn sandan nan da ke kwance a tsakiya, karotinoyid, dangin abin da ke ba karas launinsa. Kashe idon Polymer na ɗan lokaci ka barshi shi kaɗai. Kabon 40 ne, doguwar sarka mai haɗi biyu-biyu a jere da zobe a kowane ƙarshe, wannan jerin haɗin shi ke shan haske. Duba zoben ɗaya zakaga jan atom guda ya fito, oksijin ne na rukunin keto, riƙe wannan a ranka don duk labarin a kansa yake rataye. A 3MG1 ekinenon ne a ciki, a spirulina 3'-haidroksi-ekinenon, a wasu kantazantin, duk suna da keto ɗin. In ka saka wanda bashi da shi kamar ziyazantin, furotin zai riƙe shi amma haske bazai juya shi ja ba. Sannan juya sandan ka kalle shi ta gefe, ba a miƙe yake sak ba, ya ɗan lanƙwasa, furotin ne ya matse shi haka.

Yanzu mayar da Polymer. Danna ɗigo ukun da ke gefensa, Set Coloring, Residue Property, Secondary Structure. Nan take zakaga furotin ya rabu gida biyu da idonka. Ɓangare ɗaya duk murɗaɗɗun zarurruka ne, helis alfa zalla, shine NTD, wato ɓangaren farkon sarkar, daga wajen amino asid na 15 zuwa 165. Ɗayan yana da faffaɗan kibiyoyi a shimfiɗe, fale-falen beta, da ƴan helis a gefe, shine CTD, wato ɓangaren ƙarshen sarkar, daga wajen 190 zuwa ƙarshe 317. Tsakaninsu igiya ce sakakka mai amino asid kamar 25, wani lokaci zakaga tsakiyarta ɗigo-ɗigo ko babu ita, ba kuskuren wayarka bane, wurin yana yawan motsi ne shi yasa hasken X da ake haska kiristal da shi don gano surar bai kama shi ba. Duka nauyin furotin ɗin kilodalton 35.

Kalli inda sandan yake. Rabi cikin NTD rabi cikin CTD, a binne, kusan ba inda ya leƙo waje. Kamar sakata ce a ƙofa mai ganye biyu, muddin tana gicciye tsakanin ganyayen ƙofa a rufe take, in aka ja ta ta shige ganye ɗaya sai ƙofa ta buɗe. Abin da kake kallo a 3MG1 ƙofa ce a rufe, wato furotin yana hutawa baya kare eriya daga komai a wannan hali, kuma daidai ne haka, don in yana aiki da safe lokacin da haske yayi kaɗan asara zai jawo wa ƙwayar.

Sai mu nemo abubuwan da suka riƙe ta a rufe, guda uku ne.

Na farko, danna kan karotinoyid ɗin kusa da jan atom, shirin zai matso da kansa ya fito da amino asid na kewaye da ɗigon layuka. Zakaga layi biyu sun taho kan oksijin ɗin, ɗaya daga TYR 201 ɗaya daga TRP 288, tirozin da tiriptofan, dukansu na CTD. Haɗin haidurojin ne, in kana son tabbatarwa kunna alamar kibiyar zaɓe, canza daga Residue zuwa Atom, taɓa atom biyun, sai Measurements, Add, Distance, zai baka ƙasa da angistirom 3. A waya wannan sai da haƙuri don yatsa yafi atom girma nesa ba kusa ba, matso sosai kafin ka taɓa. Angistirom kuwa miliyan 10 ne a milimita ɗaya, don ka san a wace duniya muke.

Na biyu, a layin haruffan da ke sama nemo R na 155 ka danna. Arjinin ne na NTD mai cajin fozitif, gabansa GLU 244, gulutamat na CTD mai cajin negatif, sun kama juna a bakin da ɓangarorin biyu suka haɗu. Ka lura da wannan arjinin da kyau, a yanzu a ɓoye yake, amma in furotin ya buɗe shine yake fitowa fili ya taimaka a manne da eriya, da aka canza shi a gwaji manne ɗin ya lalace. Wato abu ɗaya yana aiki biyu, a rufe makulli ne a buɗe hannun kamawa.

Na uku, koma farkon sarkar, amino asid na farko-farko zuwa wajen 19, wani ɗan guntun helis ne da ya bar NTD ya miƙa ya kwanta a bayan fale-falen beta na CTD. Shi ma in haske yazo sai ya saki.

In kana son ganin na spirulina kanta rubuta 5UI2, a tsofaffin takardu 1M98 zaka gani, sura ɗaya ce aka sabunta. Amma hattara, lambobin sun gota da biyu a CTD, tirozin 203 da tiriptofan 290 zaka nema, kar ka tsaya kana neman 201 kana zargin kanka.

To yanzu ga inda daɗin yake, ganin motsin. A 2015 Leverenz da abokansa a ƙungiyar Kerfeld suka fitar da sura biyu tare, 4XB5 cikakken OCP mai ruwan lemo da kantazantin a ciki, da 4XB4 wanda NTD ne shi kaɗai da kantazantin, jan nau'i. Sai ka ɗora ɗaya kan ɗaya. A waya ana iyawa, menu na Analyze, Pairwise Structure Alignment, ka saka lambobin biyu da sarka A, amma gaskiya wannan matakin kwamfuta yake so, in baka da ita ka roƙi abokin da ke da ita ko ka shiga sibar. Sauke ChimeraX, shirin kallon surar furotin, kyauta ne ga ɗalibi, sauke shi ne kawai mai cin mega don haka ka nemi wifi, mutum ɗaya ya sauke ya raba wa saura a kile. A layin umarni na ƙasa rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

open 4xb5
open 4xb4
matchmaker #2/A to #1/A
delete solvent
color #1 & ligand orange
color #2 & ligand red

In kaga wata sarka ta biyu tana yawo a gefe rubuta delete #2/B. Yanzu duba, helis ɗin NTD na biyun sun hau kan juna kusan daidai, kamar ba abin da ya canza, amma sandunan biyu basu hau juna ba, jan ya nutse can cikin NTD, tazarar wajen angistirom 12. Sanda mai tsawon kusan 30 ya ja da baya 12, ya bar CTD kwata-kwata. Wannan a lokacin ya ba masana mamaki don an saba launi yana zaune wuri guda a cikin furotin, ba'a saba ya tashi ya canza ɗaki ba. Ka kuma kwatanta siffarsu, jan yafi miƙewa, zobbansa sun juya sun fi daidaita da sarkar, jerin haɗin ya ƙara tsawo kenan a aikace, shi yasa hasken da yake sha ya gota wajen mai tsawon zango, ido ya ganshi ja. Launin ba ado bane, shaida ce cewa siffar ta canza.

Jerin abin shine, haske ya bugi karotinoyid, haɗin haidurojin biyun nan su tsinke, sandan ya zame cikin NTD, guntun helis ya saki, arjinin da gulutamat su rabu, ɓangarorin biyu su buɗe igiya kawai ta riƙe su. Kuma ba kowane haske da ya buga ne yake cin nasara ba, ƙasa da 1 cikin 100 ne, sauran duk komawa yake yadda yake. Da farko zakace wannan raggon furotin ne, ni kuwa a ganina nan hikimar take, don sai haske yayi yawa sosai sannan jajayen zasu taru, in ya ragu su ɓace, kenan rashin saurinsa shine ma'auninsa.

Wani abu da ya kamata ka faɗa in kana bayani gaban malam: 4XB4 ba cikakken jan OCP bane, guntu ne, an yanke CTD don cikakken jan yana lilo baya yarda ya zama kiristal. Cikakken hoton sai 2022 aka samu, da na'urar kirayo-EM mai ɗaukar hoton samfurin da aka daskarar, Domínguez-Martín da abokan aiki, inda aka ga fikobilizom ta Synechocystis mai nauyin megadalton 6.2 da jajayen OCP huɗu manne a cibiyarta, bibbiyu, NTD ya kutsa jikin allofikosiyanin, CTD na rataye a waje sun kama juna. A nan karotinoyid yana dab da launin eriya, ya karɓi ƙarfin, cikin pikosakan kaɗan ya mayar da shi zafi. Huɗu kacal ga eriya mai ɗaruruwan launi, saboda sun tsaya ne a mashigar da duk ƙarfin ke bi. Fayil ɗin wannan sura kam kar ka buɗe shi a waya, zata sandare ta ɗau zafi a banza.

Saura kashewa. In rana tayi sanyi dole a cire OCP daga eriya, aikin wani ƙaramin furotin ne FRP, kilodalton 13, an gano shi a 2010, surarsa tana 4JDX, buɗe ka gani helis ne zalla kuma bashi da launi ko ɗaya. CTD yake kamawa ya taimaka ɓangarorin su sake haɗuwa, sandan ya koma mazauninsa. Ko ba FRP jan yana komawa da kansa a duhu, kuma zafi na hanzarta shi, shi yasa masu gwaji suke sanyaya samfurin zuwa wajen digiri 10 in suna son tara ja.

In kana son ganin ƙarfin da ake maganar kashewa da idonka, kuma ka samu garin spirulina, zuba rabin ƙaramin cokali a rabin kofin ruwa, rufe ka ajiye a firij ko gindin randa ya kwana, da safe tace da kyalle mai laushi ninki biyu ko auduga cikin kwalba mai haske. Ruwan zai fito shuɗi, fikosiyanin kenan. Shiga ɗaki mai duhu ka haska tocila mai ƙarfi ta gefe ka kalla ta sama, zakaga ja-ja yana fitowa daga cikin shuɗin. Hasken da launin ya sha ne bai samu inda zai kai ba yake mayarwa. A dakin gwaji irin wannan jan hasken na eriya ake aunawa, in OCP ya manne sai ya faɗi, in FRP ya cire shi ya dawo. Kar ka bar kwalbar a rana ko kusa da wuta, furotin ne, yana lalacewa shuɗin ya dushe, kuma bayan kwana biyu wari zatayi ka zubar.

OCP ba shi kaɗai bane, in ka saba da shafin ka nemi sauran. Akwai HCP a irin su Nostoc, wanda kamar NTD ne da ke zaman kansa da karotinoyid ɗinsa, wasunsu aikinsu kashe singilet oksijin. Akwai ƙananan Hlip masu helis ɗaya a cikin fata, suna riƙe kulorofil da beta-karotin. Akwai IsiA da ke fitowa in ƙarfe yayi ƙaranci a ruwa, guda 18 su kewaye fotosistem na ɗaya su yi masa zobe, an ga wannan tun 2001, yana da kyan kallo amma shi ma fayil ne babba sai kwamfuta.

Kafin ka rufe, a shafin kowace sura akwai Download Files, sauke 3MG1 da 4XB5 da 4XB4 da 4JDX ka ajiye, ChimeraX yana buɗe su ba intanet, ranar da rezo ya ƙi ko forfe ya ƙare aikinka bai tsaya ba. Hoton da zaka sa a ekspoze kuwa, rubuta set bgColor white tukuna don baƙin bango yana shanye tawada wajen bugawa, sannan save ocp.png, kuma ka rubuta lambar PDB ɗin ƙarƙashin kowane hoto don malam ya iya buɗewa ya duba da kansa.